Ɓaunata Da Koren Zaren Ishaya

"Ishaya! Ishaya, ina zarena?!"

Ihu nake yi a makirfo, har kwastomomin Anti Ladi suka juyo suna kallona.

Shiru.

A allon kwamfuta, ɓaunata na tsaye gaban dodon kogo, jininta, wato ma'aunin ranta, sai sauka yake yi.

"Ishaya, don Allah! Zan mutu fa!"

Sai na ga abin da idona. Koren zaren nan da kullum yake fitowa daga sandar Ishaya ya ɗaure a wuyan ɓaunata, ya tsinke. Ya lanƙwasa, ya wuce ta gefena, ya je ya naɗe a jikin damisar Lizzy.

Dodon ya ɗaga gatari, ɓaunata ta kife.

"Ayya, Zibah..." muryar Lizzy ta shigo kunnena, a sanyaye, har da 'yar dariya. "Sai haƙuri fa. Kin san mai magani ma yana da nasa zaɓin."

Na cire abin kunne na jefar a kan tebur. Ban san hawaye nake yi ba sai da na ji gishiri a bakina.

Na san wasu za su ce, budurwa da girmanta tana kuka a kan gem, wasan kwamfuta? To ku tsaya ku ji.

Sunana Hephzibah, amma duk unguwar Television Zibah ake ce mini. Ina buga takardu a shagon ƙanwar mahaifiyata, Anti Ladi. Shekarar da ta jawo intanet shagon ne na faɗa wannan wasa, wanda mutum biyar ke haɗuwa su shiga kogo su yaƙi dodo. Tawa halittar mai rikiɗa ce. In ta so ta zama damisa ta yi yakushi, in ta so ta zama ɓauna ta tsaya a gaba ta sha duka a madadin kowa. Mai tsayawa gaban nan muna ce masa garkuwa, kuma ni ce garkuwar ƙungiyarmu.

Garkuwa ba ta rayuwa sai da mai magani a bayanta. Nawa shi ne Ishaya, mai gyaran kwamfuta a kafen intanet na Oga Monday da ke Kakuri. A cikin gem muka fara haɗuwa, yana warkar da ni ina zaginsa a kan ya cika nawa. Ranar da na fara ganinsa ido da ido, dogo, baƙi, mai wushirya, sai zagin ya maƙale mini a wuya.

Mu 'yan wasan Kaduna muna da wata al'ada. Kowace halitta tana da bishiyar baiwa, inda kake zuba makin da ka samu a reshen da kake so. Garkuwa ba ta taɓa zuba makinta ita kaɗai. Sai ta zauna da mai maganinta kafaɗa da kafaɗa, su zaɓa tare. Duk Lahadi bayan an tashi coci Ishaya zai zo shago, mu zauna muna gardama.

"Sa a Kaurin Fata, ɓaunata."

"Ni Lasar Rauni nake so, in riƙa warkar da kaina."

"To ni kuma in yi me? In je in sayar da gyaɗa?"

"Ka cika nawa ne!"

"Amma na taɓa barin ki kika faɗi?"

Bai taɓa ba. Shi ya sa na zuba komai a Kaurin Fata, na bar masa jinina a hannunsa. Kuma shi ya sa duk wanda ya ga koren zaren nan ya bar wuyana a ranar nan ta Asabar, ya san me ake nufi. A wurinmu daidai yake da saurayi ya saki hannunki a tsakiyar taron biki ya kama na wata.

Kuma wa? Lizzy! Yarinyar da muke layi ɗaya a ƙungiyar mawaƙan coci, wadda ta koma zaman dirshan a kafen Oga Monday tun da ta ga wushiryar Ishaya.

Wayata ta fara ƙara. Ishaya. Na kashe. Ya sake kira, na sake kashewa. Saƙonninsa suka dinga shigowa, ina gogewa ban karanta ko ɗaya ba.

"Ke, za ki fasa mini maɓallan kwamfuta," in ji Anti Ladi. "Me kike yi haka kamar mai dakan sakwara?"

"Gyara nake yi."

Gem ɗin yana ba mutum damar rushe bishiyarsa sau ɗaya tak a kowane zango na wasan, wato bayan 'yan watanni. Na danna. Duk makin da muka zuba ni da Ishaya suka dawo hannuna, na kwashe su kaf na juye a Lasar Rauni. Ko ɗaya ban bar wa Kaurin Fata ba.

Saura kan bishiyar, zaɓi na ƙarshe, tsakanin abu biyu. Ɗaya muna ce masa Ni Kaɗai: ɓauna za ta warkar da kanta sosai, amma zaren kowa ba zai ƙara kama ta ba. Ɗayan kuma Jingina: maganin wanda ya ɗaura miki zare zai ninka, amma ke ba za ki iya warkar da kanki ko kaɗan ba.

Na kai kibiya kan Ni Kaɗai.

Yatsana ya ƙi dannawa.

"Gobe," na ce wa kaina, na kashe kwamfutar.

Washegari da yamma Ishaya ya zo gidanmu. Ina ɗaki na ji muryarsa a bakin get, na kuma ji ta Baba.

Babana, Baba Albert, makanikin injin saƙa ne. Tun da aka rufe masaƙarsu ya koma gida, ya koma kuma mutum mai wuyar sha'ani. Mamana ta rasu ba da daɗewa ba bayan haka, ni kaɗai na rage masa.

"Baba, ina wuni. Don Allah Zibah nake..."

"Ba na gaya maka kada ka ƙara taka ƙofar nan ba?"

"Baba, minti ɗaya kawai. Akwai abin da ba ta sani ba."

"Ni na sani! Namiji ƙato ba shi da aiki sai danne-danne da wasan yara. Da me za ka riƙe mini 'ya? Da dodo?"

Na ji ƙarar rufe get. Da a da ne, da na fita da gudu. Ranar kuwa na ja filo na toshe kunnena.

Baba ya leƙo ɗakina.

"Kin kyauta da ba ki fito ba," ya ce. "Ni ma na jingina da masaƙa, na ɗauka ba za ta taɓa matsawa ba. Ki tsaya da ƙafafunki, Hephzibah. Kada ki dogara da kowa."

"To, Baba."

Wannan ne karo na farko da na yarda da shi a kan maganar Ishaya, kuma wallahi ban ji daɗin yardar ba.

Kwanaki suka wuce ina shiga kogo da baƙin mutane. Sabuwar ɓaunata ba ta neman kowa. A doke ta, ta lashe rauninta ta miƙe. Wani Bature ma har ya yaba mini. Amma babu mai ce mini "matsa hagu, masoyiya, ina bayanki." Kullum sai na buɗe kan bishiyar, in kalli Ni Kaɗai, in rufe.

Ranar Alhamis na ce ya isa haka. Abin kunnen da nake amfani da shi na Ishaya ne, zan mayar masa da kayansa in dawo in danna. Na hau acaɓa zuwa Kakuri.

Kafen cike yake. Ishaya na can lungu a kan kwamfutarsa, ya ba ƙofa baya. Ya rame, na lura, sai na ji haushin kaina da na lura. Lizzy na kujerar da ke manne da tasa.

"A'a! Madam Ɓauna!" Oga Monday ya washe baki daga kan kanta. Mutumin Binuwai ne, Hausarsa da gishirin Turancin kasuwa. "Ina kika ɓuya? Yaron nan ko abinci ba ya ci, abeg ki tausaya."

Kafin in ba shi amsa, fanka ta tsaya. Nepa ta ɗauke wuta.

Batiran da ke ƙarƙashin tebura suka fara tsuwa, ƙit... ƙit... ƙit.

"Ishaya! Jen!" Oga ya daka tsawa, yana nufin janareta.

Ishaya ya zabura. Bai ko waiga ba, ya dafa kafaɗar wani mutum a damansa, Nicholas, ya ce, "Riƙe mini!" Ya fice ta ƙofar baya da gudu. Nicholas ya miƙa hannu ya kama linzamin kwamfutar Ishaya, yana juya masa halittarsa.

Na juya wurin Oga.

"Oga... me ke nan?"

"Me? Riƙo? Ai dokar gidan nan ce. Batir ba ya jimawa, dole wani ya ruga ya tada jen. Wanda ya fita, na kusa da shi ya riƙe masa wasa kada a kashe shi."

"Ranar Asabar... an ɗauke wuta?"

"Kai, kada ki tuna mini! Jen ya ƙi tashi, yaron nan ya ja igiya har tafinsa ya yage. Kuna tsakiyar yaƙi ma lokacin."

"Wa ya riƙe masa?"

A hankali Oga ya juya ya kalli Lizzy.

Ni ma na kalle ta.

Ta ɗauki jakarta.

"Me kuke kallona? Hannuna ne ya zame."

"Ya zame?" na ce. "Ya zame ya kwance zare, ya zame ya nemo sunanki, ya zame ya ce i? Tabɗi! Lallai hannunki ya iya zamewa, Lizzy."

"Ke kin san darajarsa ne? Kullum kina zaginsa! Ko sauraronsa ba ki yi ba!"

Ta bangaje ni ta fita. Maganarta ta ƙarshe ta fi bangazar zafi, don gaskiya ce.

Jen ya tashi, fanka ta ci gaba da juyawa. Ishaya ya shigo yana goge hannu a wando. Tafinsa na dama naɗe da bandeji da ya yi baƙi da mai.

Ya gan ni, ya tsaya cak.

"Zibah..."

"Na zo mayar maka da abin kunnenka ne."

"To."

Ya miƙo hannu. Na ƙanƙame abin a ƙirjina, na fashe da kuka a gaban kowa.

"Ka yafe mini, Ishaya. Ban karanta saƙonka ba. Ko ɗaya ban karanta ba."

"Na sani."

"Kuma na rushe bishiyarmu."

Nan ne fuskarsa ta canza. Ya ja kujera ya zauna.

"Duka?"

"Duka. Na zuba a Lasar Rauni."

"Ke kaɗai kika zauna kika zuba?"

Na gyaɗa kai. Ya kalli bandejinsa.

"To ai shi ke nan," ya ce a hankali. "Ki sa Ni Kaɗai. Shi ne ya dace da abin da kika gina. Za ki yi ƙarfi, Zibah, ba za ki ƙara jiran mai nawa ba."

"Matsa mini."

Na zauna a gefensa, kafaɗata na taɓa tasa, na shiga da sunana. Bishiyar ta buɗe. Na kai kibiya sama.

"Ke! Tsaya!" Ya kama hannuna. "Kin san me kike yi? In kika sa Jingina, duk makin Lasar Rauni sun tashi a banza. Ga shi ba ki da Kaurin Fata. Za ki zama ɓauna mai fatar takarda, kuma ba gyara sai zango ya ƙare!"

"Na sani."

"In na yi ƙiftawar ido kin mutu."

"To kada ka ƙifta."

"Zibah, wannan zai zama gini mafi muni a duk Kaduna."

"Sakar mini hannu, masoyi."

Ya saki. Na danna.

Nicholas ya dafe kai. "Yesu! Ta kashe ɓaunar nan da ranta."

Ishaya ya buɗe tasa halittar, ya nemo sunana, koren zaren ya miƙo ya ɗaure a wuyan ɓaunata. Idonsa ya yi ja, sai ya fake da cewa hayaƙin jen ne.

Ranar Asabar da ta biyo baya na ce ba zan yi wasa daga shagon Anti ba, a gefensa zan zauna. Muka shiga kogon nan dai, gaban dodon nan dai. Clinton, abokin Nicholas, ya maye gurbin Lizzy.

Wayyo, ban taɓa shan wuya irin ta ranar ba! Duk gatari ɗaya sai jinina ya kusa ƙarewa, sai zaren ya haska ya cika shi. Ishaya ya daina magana, gumi kawai yake yi, yatsunsa na gudu a kan maɓallai da bandejinsa da komai.

"Hephzibah!"

Jinina na gaske ne ya daskare wannan karon.

Baba ne a bakin ƙofa, da hularsa ta zuwa coci. Daga baya na ji Lizzy ce ta je har gida ta gaya masa inda nake.

"Tashi mu tafi!"

"Baba, don Allah..." Ban iya ɗauke ido daga allo ba. "In na tashi duk za su mutu."

"Su mutu mana! Mutanen gaske ne?"

Oga Monday ya taho da sauri yana rusunawa. "Baba, sannu da zuwa. Abeg, ɗan lokaci kaɗan. Ga kujera."

Baba bai zauna ba. Ya zo ya tsaya a bayanmu, ina jin hucinsa a ƙeyata.

"Wace ce ke a ciki?"

"Ɓaunar, Baba."

"Wadda ake ta jibga? Me ya sa ba za ki gudu ba?"

"In na gudu zai kashe na bayana."

"Wannan koren abin fa?"

"Ishaya ne. Shi yake riƙe da raina."

"In ya saki fa?"

"Na faɗi."

"Ba ki da abin kare kanki?"

"Na ajiye shi, Baba. Da kaina."

Ya ja tsaki mai tsawo. Sai fanka ta tsaya.

Ƙit... ƙit... ƙit.

"Ishaya! Jen!" in ji Oga.

Na ji Ishaya ya motsa a kujera. Nicholas ya riga ya miƙo hannu zai riƙe masa. Amma duk mun san babu wanda zai iya riƙe ɓauna irin tawa sai shi.

"Je ka," na ce. "Aikinka ne. Ba komai."

"Oga, ka yi haƙuri," Ishaya ya ce, bai ɗaga kai ba. "Yau ba zan tashi ba."

"Kai! Kwastomomi na jira! Ka san ni bayana ba ya jan igiya. Kana son aikinka kuwa?"

"Ina so, Oga. Amma ba zan tashi ba."

"Batir zai mutu, wasan ma ya mutu gaba ɗaya, wawa!"

"To ya mutu ina nan."

Kafen ya yi tsit, sai tsuwar batir. Gatari ya sauka, zaren ya haska. Ya sake sauka, ya sake haskawa.

Sai na daina jin hucin Baba a ƙeyata.

Na ɗauka tafiya ya yi, zuciyata ta karye. Can sai na ji muryarsa daga ƙofar baya.

"Kai Monday! Wane jaki ne ya ɗaure wannan fulogi haka? Miƙo mini sifana!"

Ba a jima ba jen ya yi tari, ya yi gurnani, ya kama. Wuta ta dawo. Kafen ya kaure da ihu da tafi.

Zan so in ce muku mun kashe dodon. Ina! Saura ƙiris maganin Ishaya ya ƙare ƙaf, dodon ya tattake ni, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Muka zauna muna haki, sai dariya ta kama mu har da hawaye.

Baba ya shigo, hannayensa baƙi ƙirin da mai, hular coci a aljihu. Rabon da in ga mai a hannunsa tun ana masaƙa. Ya leƙa allon.

"Duk wannan wahalar, ashe kashe ku aka yi?"

"E, Baba."

"Shirme."

Ishaya ya sauka daga kujera ya durƙusa. "Baba, na gode."

Baba ya dube shi.

"Da an kore ka fa?"

"Da na nemi wani aikin, Baba. Kwamfuta ba ta ƙarewa a Kaduna."

"A kan wasa?"

"Ba a kan wasa ba, Baba."

Baba ya karɓi tsumman da Oga ya miƙo masa, yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Lokacin da aka rufe masaƙa," ya ce, ba ya kallon kowa, "'yan'uwan uwarki sun zo har gida su tafi da ita. Ta ce ba za ta tashi ba." "Na manta da wannan. Ban san yadda aka yi na manta ba."

"Baba..." na ce, hawaye na zuba.

"Ke rufe mini baki, kin sa na ɓata rigar coci." Ya juya ga Ishaya. "Kai kuma tashi. Kana da manya?"

"Ina da su, Baba. Kawuna na Sabo, iyayena na Zonkwa."

"Ka ce su zo su same ni."

Ya nufi ƙofa, har ya sa ƙafa waje, sai ya waigo ya nuna allon da tsumman hannunsa.

"Kuma kafin su zo, ka nema wa 'yata fata mai kauri. Ba na son ganin ana dukanta haka."

"Sai zango ya ƙare, Baba," in ji Ishaya. "Kafin nan ni ne fatar."

Baba ya girgiza kai ya fita, amma na ga gefen bakinsa.

Zangon ya ƙare ana saura mako biyu bikinmu. Ranar Lahadi bayan coci muka zauna a shagon Anti Ladi, kafaɗa da kafaɗa, muka rushe bishiyar muka fara zuba maki daga tushe. Mun yi gardama a kan kowane reshe, har Anti ta yi barazanar korarmu.

Da muka iso sama, Ishaya ya ɗauke hannunsa daga linzamin.

"Wannan naki ne, amaryata. Yanzu kin ɗanɗana tsayawa ke kaɗai, kin ɗanɗana jingina."

Ban ko kalli Ni Kaɗai ba, na danna Jingina.